Ta yaya zan koya wa ɗalibai yadda kimiyya take aiki ta hanyar binciken annoba?

Malamar Bayoloji ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina koyar da bayoloji a babbar sakandare, kuma na daɗe ban gamsu da yadda muke gabatar da darasin farko ba, wato wanda yake bayanin abin da ake nufi da kimiyya da yadda masana suke gudanar da bincike. Abin da muka saba yi shi ne mu jera wa ɗalibai matakai a kan allo, daga lura zuwa tambaya, daga hasashe zuwa gwaji, sannan yanke hukunci. Su kwafa, su haddace, su mayar mana da shi ranar jarrabawa, kowa ya ci makinsa. Amma a zahiri yawancinsu suna kallon kimiyya a matsayin tarin amsoshin da aka riga aka gama yanke su, saboda haka da zarar sun ji cewa masana sun sauya magana a kan wani abu, sai su ce ai da ma can ƙarya suke yi.

Ɗaliban da suke hannuna yanzu suna firamare lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Sun ji manya a gida suna cewa an fara hana sanya takunkumi sannan aka dawo aka tilasta shi, an ce kulorokwin yana magani sannan aka ce ba ya yi, kuma da wannan fahimtar suka taso. Ina tunanin in yi amfani da binciken da aka yi a kan korona in nuna musu yadda ilimi yake ginuwa a hankali. Tambayata ita ce wane bincike ya fi dacewa da yara 'yan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai, ta yaya za a yi shi a makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje mai kayan aiki, kuma shin buɗe wannan babi ba zai ƙara musu shakka ba maimakon ya rage ta? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon Sufeton Makarantu ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya yi wa aikinki albarka. Shawarata ita ce kada ki fara da korona. Kowane yaro zai shigo aji ɗauke da hukuncin gidansu a kanta, kuma abin da za ki samu shi ne musu, ba nazari ba. Ki fara da annobar da babu wanda yake da ɓangare a cikinta, amma cutar kanta sun san ta sarai, wato kwalara, wadda take ziyartar garuruwanmu a damina.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke birnin Landan, ta kashe mutane sama da 600, yawancinsu a cikin kwanaki kaɗan. Manyan likitocin zamanin sun yi imani cewa cutar tana zuwa ne daga gurɓatacciyar iska mai wari, kuma bai kamata ki bar ɗalibai su yi musu dariya ba, domin suna da abin da suke gani da idonsu: unguwannin da suka fi ɗoyi su ne suka fi mace-mace. Wani likita mai suna John Snow yana ganin ruwan sha ne. Ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan suke ɗiban ruwa, ya gano cewa mafi yawansu daga famfon titin Broad suke sha, ya kuma shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba.

A nan ne yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, alhali darasin yana gaba. Snow bai fara da lura ba kamar yadda jerin matakanmu yake cewa. Tun a 1849 ya riga ya wallafa ra'ayinsa cewa ta baki cutar take shiga, kuma wannan ra'ayin ne ya nuna masa abin da zai nema. Taswirar da ta yi suna, wadda aka yi wa kowane gidan da aka yi rashi alama, sai bayan an cire hannun famfon ya fitar da ita. Shi da kansa ya amince cewa mace-macen sun riga sun fara raguwa kafin a cire hannun, domin mutane da yawa sun gudu daga unguwar, don haka raguwar ba ta isa hujja ba. Hukumar lafiya ta lokacin ba ta karɓi ra'ayinsa ba, aka mayar da hannun famfon, Snow ya rasu a 1858 ba tare da an yarda da shi ba. Sai a 1883 da 1884, lokacin da masanin nan Bajamushe Robert Koch ya yi aiki a Masar da Indiya, aka tsayar da magana a kan ƙwayar da ke haddasa cutar, duk da cewa wani Ba'italiye mai suna Filippo Pacini ya riga ya bayyana ta tun a 1854 ba a kula shi ba.

Ga yadda zan tsara darasin da ni ne. Ki zana unguwar a kan allo, ki sa alamar gidajen da aka yi rashi da famfunan da ke kusa, kada ki gaya musu amsa. Ki raba su gida biyu, masu kare ra'ayin iska da masu kare ra'ayin ruwa, sannan ki riƙa sakar musu bayanai ɗaya bayan ɗaya. Akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar unguwar mai mutane sama da 500, amma biyar kawai suka mutu, kuma gidan yana da rijiyarsa. Akwai kamfanin giya a kan titin kansa wanda ma'aikatansa ba su mutu ba, domin ba sa shan ruwan famfon. Akwai wata tsohuwa da take zaune can nesa a Hampstead, inda babu kwalara, amma ana kai mata ruwan wannan famfon saboda tana son ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta kashe ta. Bayan kowane bayani ki tambayi ɓangarorin biyu yadda za su fassara shi. Za ki ga masu ra'ayin iska suna ƙirƙiro uzuri, uzurin yana ƙara tsawo, har wani a cikinsu ya ce shi ya sauya sheƙa. Wannan yaron ki yaba masa a gaban kowa, ki tambaye shi wane bayani ne ya juya shi. Alli da allo kawai wannan darasi yake buƙata.

Mai Binciken Cututtuka ya rubuta:

Na yarda da Baba Sufeto cewa da Snow ya kamata a fara, amma ina roƙon Malama kada ta tsaya a 1854, domin yara za su ɗauka cewa kuskure abu ne na mutanen dā, na yanzu kuwa ko dai sun san komai ko kuma maƙaryata ne. Labarin kulorokwin da ta ambata shi ne mafi kyawun abin da annobar korona ta bar wa malamin kimiyya, kuma ya faru ne a cikin kimanin wata uku.

A watan Maris na 2020 wata tawaga a birnin Marsel na Faransa, ƙarƙashin Farfesa Didier Raoult, ta wallafa cewa haidiroksikulorokwin, wani dangin kulorokwin, yana rage ƙwayar korona a jikin majinyata. Sakamakon ya dogara ne a kan mutum 36, ashirin da aka ba maganin da sha shida da ba a ba su ba, kuma ba a raba su ta hanyar ƙuri'a ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum shida daga cikin waɗanda aka fara ba maganin an cire su daga lissafin, ciki har da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman da ɗaya da ya mutu. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yayata maganin, kuma a cikin 'yan kwanaki hukumomin lafiya a Legas suka sanar da samun mutanen da kulorokwin ya yi wa illa saboda sun sha fiye da ƙima.

Sai kuma abu ya juya ta ɗaya gefen. A ranar 22 ga Mayu babbar mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wata maƙala da ta ce ta duba bayanan majinyata kusan 96,000 ta gano cewa maganin yana ƙara haɗarin mutuwa. Masana daga ƙasashe daban-daban suka zauna suka duba alƙaluman, suka ga abubuwan da ba za su yiwu ba, kamfanin Surgisphere da ya samar da bayanan ya ƙi bari a bincika su, aka janye maƙalar a ranar 4 ga Yuni. Washegari babban gwajin RECOVERY, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya, ya fitar da nasa sakamakon. A can kwamfuta ce take jefa ƙuri'ar wanda za a ba magani, ba likita ba. Majinyata sama da 1,500 aka ba maganin, aka kwatanta su da sama da 3,000 da aka yi wa kulawar da aka saba, kuma ba a ga ya ceci rai ba. A ranar 16 ga Yuni wannan gwajin dai ya nuna cewa deksametason, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda suke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu buƙatar iskar oksijin kawai, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Maƙalar Marsel kuwa sai a Disamban 2024 aka janye ta.

Ki ba ɗalibai bincike ukun a taƙaice, kowanne a takarda ɗaya, ba tare da sunan farfesa ko na mujalla ba, ki ce su faɗi wanda suka fi amincewa da shi da dalilinsu. Bayan sun gama sai ki bayyana sunayen, su ga cewa babban farfesa ya yi kuskure, babbar mujalla ta yi kuskure, kuma masana 'yan'uwansu ne suka kama su.

Don su fahimci dalilin da ya sa mutum 36 ba su isa ba, ki zuba wake a jaka, farare casa'in da jajaye goma, a matsayin misali kawai: farin wake majinyacin da ya warke ne, ja kuwa wanda jikinsa ya yi tsanani. Kowane rukuni ya ba maganinsa suna, ya rufe ido ya ɗebo ƙwaya goma. Wasu za su ɗebo farare zalla, su yi murna cewa maganinsu ya warkar da kowa, wasu su ɗebo jajaye biyu ko uku, alhali jaka ɗaya ce kuma babu wani magani a ciki. Idan aka haɗa sakamakon ajin gaba ɗaya sai adadin ya matso kusa da gaskiyar abin da ke jakar. Cutar da mafi yawan masu ita suke warkewa da kansu, duk abin da aka sha a lokacinta zai yi kama da magani, ko na asibiti ne ko jiƙo. Wannan ya shafi maganin da shugaban Madagaska na lokacin, Andry Rajoelina, ya ƙaddamar a Afrilun 2020 daga wani tsiro dangin tazargade. Daga wannan tsiron ne wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, saboda haka ba wai an raina tsiro ba ne. Tambayar da aka yi wa farfesan Faransa ita ce aka yi wa shugaban Madagaska: da wa aka kwatanta, kuma mutum nawa?

Malamin Kemistiri daga Kano ya rubuta:

Malama, tambayarki ta uku ita ce ba a amsa ba, kuma ni a nan damuwata take. Abin da Baba Sufeto da Dakta suka kawo yana da kyau, amma sun yi magana kamar shakkar mutanenmu daga rashin fahimtar lissafi ta fito. A Kano tana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, an ba kusan rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani maganin da aka sani. Yara 11 suka mutu daga rukunan biyu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004, wannan lamari yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, kuma cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Yaron da ya tashi yana jin wannan, idan kika ƙara masa da cewa Lancet ta buga bayanan da ba a iya tabbatar da su ba, ina tsoron rabin farko na darasin kawai zai kai gida. Ban ce a ɓoye ba, domin wayar da ke hannunsa za ta gaya masa, kuma ta hanyar da ta fi muni. Abin da nake cewa shi ne in za a buɗe babin, a buɗe shi duka, a saka Trovan a ciki. Gwajin Kano ma ya kwatanta rukuni biyu, wato kyawun tsarin gwaji bai wanke mai shi daga tambayar ko ya kyauta wa mutanen da ya yi gwajin a kansu ba. Ɗalibi yana da haƙƙin ya san cewa neman yardar majinyaci da amincewar kwamitin ɗa'a sharaɗi ne na bincike, kuma ya san ya tambaya ko an cika shi.

Abu na biyu, a raba wa yara abin da bincike ya gano da abin da hukuma ta yanke. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a kan takunkumi a ranar 5 ga Yunin 2020, akwai sabuwar hujja cewa mutum yana iya yaɗa cutar kafin alamu su bayyana a jikinsa, amma shawarar farko ma ba hujjar kimiyya kaɗai ce ta haifar da ita ba, akwai tsoron kada takunkumin ya ƙare wa ma'aikatan asibiti. Haka nan rufe kasuwa ko masallaci ko makaranta. Bincike yana iya faɗin yadda cuta take yaɗuwa a cunkoso, amma auna wannan da yunwar mai neman na yau da kullum hukunci ne na shugabanni. Ɗalibanmu sun san labarin Sayyidina Umar lokacin da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, bayan ya yi shawara da sahabbai sun saɓa, kafin Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take ko fita daga cikinsa. Ba sai an koya musu daga waje ba cewa ɗaukar mataki bai ci karo da tawakkali ba.

Malamar Bayoloji ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, da ku malamai. Na fahimci cewa zan fara da kwalarar Landan, in biyo da kulorokwin da jakar wake, kuma maganar Malam ta Trovan ta shige ni, ko da yake ina ganin sai na fara sanar da shugabar makarantarmu kafin in taɓa ta. Abin da ya rage mini shi ne lokaci da maki. Manhaja ba ta ware wa wannan darasi makonni ba, jarrabawar WAEC da NECO kuma ba za su tambayi John Snow ba. Ta yaya zan auna ko sun fahimta, ba tare da na mayar da labaran kansu wani sabon abin hadda ba?

Tsohon Sufeton Makarantu ya rubuta:

'Yata, kada ki nemi makonni na musamman, ba za a ba ki ba. Ki saka Snow a darasin ƙananan halittu da cututtukan da ruwa yake ɗauka, wanda da ma yana cikin manhaja, ki saka jakar wake a inda ake koyar da gwaji da rukunin kwatance (wato rukunin da ba a ba abin da ake gwadawa ba, don a kwatanta da shi), wanda masu jarrabawa suke tambaya a ɓangaren aikin hannu. Ta haka ba ki sace lokacin kowa ba.

Game da aunawa, kada ki tambaye su abin da kika riga kika ba su labarinsa. Ki kawo musu lamarin da ba ku tattauna ba. Wanda nake ganin ya fi dacewa shi ne mace-macen da aka yi a Kano a Afrilun 2020, in dai kin tabbatar babu ɗalibin da abin zai fama wa ciwo, domin wasu sun rasa kakanninsu a lokacin. Masu haƙar kabari ne suka fara lura da yawan gawarwaki. Ba a yi wa mafi yawan mamatan gwajin korona ba, kuma ba ma jinkirta jana'iza, saboda haka masu bincike suka bi iyalai suna tambayar alamun da aka gani kafin rasuwa. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya sanar da cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da alaƙa da korona. Ki ba su wannan bayanin, ki ce su rubuta shafi ɗaya: me ya sa ministan ya ce "mai yiwuwa", me ya sa ya ba da tazara maimakon adadi ɗaya, waɗanne dalilai ne kuma za su iya ƙara mace-mace a watan zafi lokacin da aka hana zirga-zirga kuma marasa lafiya suke shan wahalar samun likita, sannan wane bayani ne da an same shi zai rage shakkar. Wanda ya rubuta cewa ya kamata a san adadin waɗanda suke mutuwa a Afrilun shekarun baya kafin a ce an samu ƙari, ki ba shi cikakken maki a wannan ɓangaren, ko da rubutunsa bai yi kyau ba. Wanda ya rubuta cewa duka korona ce, da wanda ya rubuta cewa babu korona a ciki ko kaɗan, ki mayar musu da takardunsu, ki rubuta musu a gefe da jan biro cewa su kawo hujjar da suka dogara da ita.